Me ya sa saniya ke ƙoshi da kara, mutum kuwa ba zai iya ba?

Ɗalibar SS2: Assalamu alaikum malamai. Don Allah ina da tambaya a kan darasin narkewar abinci. An ce mana sitaci da selulos duka daga gulukos aka gina su. To in haka ne, me ya sa mutum zai ci tuwon dawa ya ƙoshi, amma karan dawar nan ba zai tsinana masa komai ba, alhali saniya tana cin karan ta yi nama ta yi nono? Sannan wai da gaske ne ciki huɗu gare ta?

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam 'yata. Tubalin ɗaya ne, ɗaurin ginin ne ya bambanta. A sitaci ƙwayoyin gulukos suna riƙe da juna da ɗaurin da ake kira alfa, sarƙar takan nannaɗe ta bar kafa, ruwa da sinadarin narkarwa su samu hanyar shiga. A selulos ɗaurin beta ne, kowace ƙwaya a kife take a kan maƙwabciyarta, shi ya sa sarƙar ke miƙewa sambal, sarƙoƙi da yawa su jeru su manne da juna su zama zare mai ƙarfi. Amilas, sinadarin narkar da sitaci da ke cikin yawunmu da wanda ke zubowa cikin ƙaramin hanji ɗaurin alfa kaɗai ya iya kwancewa. Ki gwada, ki tauna loma ɗaya ta burodi minti biyu ko uku ba tare da kin haɗiye ba, za ki ji ta soma zaƙi, sitaci ne ke komawa sukari. Auduga kuwa kusan selulos ce zalla, ko kwana kika yi kina taunarta ba abin da za ki ji.

Inda ɗalibai ke faɗuwa a jarrabawa shi ne su rubuta wai jikin saniya yana fitar da sinadarin narkar da selulos. Ba ya fitarwa. Ba ita ke narkar da karan ba, ƙananan halittun da ta ajiye a tumbinta ne ke wannan aikin.

Malamar Lab: Kafin a shiga cikin saniya, gara ta fara ganin bangon ƙwayar halittar shuka, wanda da selulos aka gina shi, da idonta, don yana cikin abin da WAEC da NECO ke so ɗalibi ya iya zanawa. Ki samu albasa, ki ɓare saɓa ɗaya mai kauri, ki karya ta ta baya, za ki ga wani siririn tantani ya ɗago daga ɓangaren ciki. Ki yanko ɗan mitsitsi, kada ya wuce rabin farcenki. Ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan gilashin silaid, ki shimfiɗa tantanin a kai ba tare da ya ninke ba, ki ƙara ɗigo ɗaya na aidin. Siririn gilashin rufewa kuma ba a sakinsa tim daga sama. A jingina gefensa ɗaya a bakin ɗigon, a tallafe shi da allura, a sauke a hankali. In aka sake shi haka nan iska takan maƙale, sai ki ga wasu da'irori masu baƙin baki ki ɗauka su ne ƙwayoyin halittar, alhali kumfa ce.

A maikuroskof a fara da ƙaramin ido mai lamba 4, a koma 10, sannan 40. Tunda idon sama 10 ne, girman ya zama ninki 40, 100 da 400 kenan. A ido na 40 kada ki taɓa babban maɓallin saiti, da ƙaramin za ki yi aiki, in ba haka ba ki fasa silaid ɗin. Za ki ga ɗakuna a jere kamar ginin bulo, layin da ya raba su shi ne bangon selulos, ɗigon da ya yi ruwan ƙasa a ciki kuma shi ne nukiliyas. Kada ki zana kuloroflas, wato koren ɗigon da ganye ke haɗa abinci da shi, a wannan hoton. Kan albasa a ƙasa yake girma, ba ya ganin rana, babu shi a ciki. Maki da yawa na zubewa a nan.

In kina so ki tabbatar bangon daban yake da tantanin da ke cikinsa, ki yi amfani da jar albasa, fatar waje mai launi. Ki narka cokalin shayi ɗaya na gishiri a ruwa mililita 100, ki ɗiga a gefen gilashin, ki sa takarda mai tsotsa a ɗaya gefen ta jawo shi. Cikin 'yan mintoci jan zai tsuke ya janye tsakiya, bangon kuwa yana nan tsaye bai motsa ba. Ƙwayar halittar dabba ba ta da wannan bango, shi ya sa jar ƙwayar jini in aka sa ta a ruwa zalla takan sha ruwa ta kumbura ta fashe.

Sarkin Fawa: Maganar ciki huɗu kuwa, mu a mahauta abu ɗaya muke cirowa a haɗe, sai dai ɗaki huɗu ne a cikinsa. Na farko shi ne babban tumbi, cikinsa kamar tawul. Na biyu ƙarami ne a manne da shi ta gaba, cikinsa kamar saƙar zuma. Na uku dunƙulalle ne mai tauri, in ka tsaga shi shafi-shafi ne kamar littafi, abincin da ke tsakanin shafukan a matse yake, kusan a bushe. Na huɗu dogo ne mai santsi da laushi, jaja-jaja. A na biyun ake samun ƙusa da guntun waya, a na farko kuma leda da tsumma da igiyar buhu, wani lokaci a dunƙule kamar an tufka su.

Likitan Dabbobi: Sarkin Fawa ya gama siffanta su, saura aikin kowanne. Tumbi randa ce ta tsima abinci. A babbar saniya yana ɗaukar fiye da lita 100, ya cika kusan duk ɓangaren hagu na cikinta. Babu iskar oksijin a ciki, zafinsa wajen digiri 39, ma'aunin tsaminsa wato pH tsakanin 6 da 7. A mililita ɗaya na ruwan tumbi akwai bakteriya biliyoyi, ga furotozowa, ga wasu nau'in fangas da ke huda zaren kara su buɗe wa bakteriya hanya. Su ke da sinadarin da ke kwance ɗaurin beta. Suna cin gulukos ɗin don kansu, su zubar da saura a matsayin wasu tsami guda uku, asetik da furofiyonik da butirik. Gashin tawul ɗin nan da Sarkin Fawa ya ambata shi ke tsotse su zuwa jini, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da saniya ke samu daga nan yake. Wato sharar bakteriya ce abincinta.

Saƙar zuma ita ke tacewa, abin da ya yi laushi ya wuce gaba, mai kauri ya koma baki a sake taunawa, ita ce tuƙa. Saniya mai lafiya takan yi awa 6 zuwa 8 a yini tana tuƙa. Mai shafuka yana tsotse ruwa. Na huɗun shi ne ya yi daidai da cikin mutum, a nan ake zuba asid mai ƙarfi, kuma a nan ne su bakteriyar da ruwa ya kwaso suke mutuwa a narkar da su. Mafi yawan furotin ɗin da saniya ke gina nama da nono da shi daga jikin waɗannan halittu yake fitowa. Ta ba su masauki da abinci, daga baya ta cinye su.

Ƙusar da ake samu a saƙar zuma ba ƙaramin abu ba ne. Wurin yana jingine da tantanin da ya raba ciki da ƙirji, zuciya kuma tana bayansa kaɗan. In ƙusa ta huda, tana iya kaiwa ga jakar zuciya.

Ɗalibar SS2: Na gode ƙwarai. To maraƙi fa? Shi da nono yake sha, nonon ma tumbi yake shiga ya tsima?

Likitan Dabbobi: A'a. A sabon haihuwa ɗaki na huɗu ne ya fi girma, tumbin ɗan ƙarami ne bai fara aiki ba. Idan maraƙi yana tsotso, wasu leɓɓa biyu na tsoka sukan naɗe su yi kwata daga ƙarshen maƙoshi, nono ya bi ta nan ya tsallake tumbi. Tumbin sai ya fara tsinkar ciyawa da dusa yake girma, wajen wata biyu zuwa uku ya kama aiki sosai. Shi ya sa ba a so a ɗura wa maraya nono da ƙarfi ko a bar shi ya kwankwaɗa daga bokiti a guje, kwatar ba ta rufuwa da kyau, nonon ya zuba a tumbi ya lalace, sai kumburi da zawo.

Masanin Tsirrai: Akwai abin da ya kamata a ƙara ta ɓangaren shuka, don ba duk kara ne bakteriya ke iya ci ba. Shuka tana ƙarama bangonta siriri ne, selulos ne da ɗan abin da ke manne shi. Tana tsufa sai ta shiga zuba liginin a bangon, musamman a bututun zailam da ke hawo da ruwa daga saiwa da zaren da ke kewaye da su. Liginin shi ke mai da abu itace, kuma a tumbi kusan ba ya narkewa sam. Bai tsaya nan ba, yakan lulluɓe selulos ɗin ya hana a kai gare shi. Shi ya sa dabba in aka zuba mata kara sai ta tsince ganye da saman, ta bar gindin. Ba tsirfa ba ce, ta san inda abincin yake.

Ɗaliba, ki tsige ƙaramar masara da ƙaramin wake, ki yanke saiwarsu a cikin ruwa, ki tsoma su a ruwan da aka ɗiga wa jar tawada, ki ajiye inda iska ke kaɗawa na awa uku ko huɗu. Ki yanka karan a gicciye da reza. A masara jajayen ɗigo za su fito a warwatse ko'ina, a wake kuma a jere kamar zobe. Bambancin mai ganyen tsiro ɗaya da mai biyu kenan, ba sai kin haddace ba.

Mai Kiwon Turke: Malam, to me ya sa harawa ta fi kara tsada haka, kuma dabba ta fi murmurewa da ita? Duka ba ganye da kara ba ne?

Masanin Tsirrai: Naitirojin ne, Alhaji. Ka tuge wake ko gyaɗa mai kwana arba'in ka dubi saiwar, za ka ga 'yan gudaji a manne. Ka fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki, bakteriyar da ke ciki tana kamo naitirojin daga iska tana ba shukar. Dawa da gero da masara ba su da wannan. Don haka busasshen karan hatsi furotin ɗinsa bai cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, harawar wake da ta gyaɗa mai ganye kuwa takan haura 10. Halittun tumbi suna bukatar wajen kashi 7 kafin su hayayyafa yadda ya kamata. In kara kaɗai ake ba dabba, su kansu yunwa suke ji, karan ya daɗe a tumbi bai narke ba, dabba ta rage ci, ga ciki tim amma ƙashin baya a waje. Ɗan damin harawa a kan karan yana sa karan kansa ya fi narkewa. 'Ya'yan gawo ma aikin da suke yi kenan da rani, gawo dangin wake ne.

A kula da ganyen wajen ɗauri. Furotin ɗin a ganye yake, harawar da aka bari ta bushe ƙayau a rana ganyen ya kakkaɓe, kara ka saya da kuɗin harawa.

Mai Kiwon Turke: To ga wata. Ragon layya da ake so ya yi saurin cika, mutane na zuba masa masara ko dawa da yawa, wani har da ragowar tuwo da shinkafa. Washegari sai a ga ya ƙi ci, ya tsaya sororo, ga zawo. Wasu na cewa kanwa ce maganin.

Likitan Dabbobi: Wannan tsamin tumbi ne. Hatsi sitaci ne, yana tsimuwa da sauri ƙwarai. In ya shigo da yawa lokaci guda, wasu bakteriya masu yin asid ɗin laktik, irin na nono mai tsami, sukan rinjayi sauran. Da pH ya sauka ƙasa da 5.5 masu cin selulos da furotozowa sun fara mutuwa, tumbi ya daina motsi, ya riƙa jawo ruwa daga jini, dabba ta bushe alhali cikinta cike yake da ruwa. Wani in ya tsira sai kofato ya kama ciwo. Kuma hatsi ba ya sa tuƙa. Tuƙa ita ke kawo yawu, yawun kuma cike yake da baikabonet mai kashe tsami. Babbar saniya tana iya zubar da yawu lita 100 ko fiye a yini, duk yana komawa tumbi. Ka rage ciyawa, ka rage yawu.

Hanyar ita ce a fara da ɗan kaɗan, tafin hannu ɗaya, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu zuwa uku, a raba shi safe da yamma, kuma a fara ba da harawa ko ciyawa kafin hatsin. Kanwa tana rage tsami, gaskiya ne, amma ta lasa ce da ɗan jiƙo a ruwan sha. Ragon da ya riga ya kwanta idonsa ya faɗa, kanwa ba za ta tashe shi ba, ruwa yake bukata ta jijiya.

Dubawa ba wuya. Ka dunƙule hannu ka danna kwiɓin hagu, ramin nan da ke bayan haƙarƙari na ƙarshe, ka riƙe minti biyu. Tumbi mai lafiya zai taso ya ture hannunka sau biyu ko uku. In shiru, akwai matsala.

Malamin Bayoloji: Likita, a taɓo mata kumburin ciki, don yana nuna amfanin gyatsa.

Likitan Dabbobi: Tsimuwa tana fitar da iska, kabon dayoksaid da mitan, a saniya lita 30 zuwa 50 a awa ɗaya bayan ta ci. Mafi yawanta ta gyatsa take fita. Kumburi iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Na farko, hanya ce ta toshe, misali ƙwallon mangwaro ko guntun rogo ya maƙale a maƙoshi, iska ta taru a sama, in ka buga kwiɓin hagu ya yi ƙara kamar ganga. Wannan tiyo ake zurawa, iskar ta fita nan take. Na biyu na kumfa ne, yakan zo in dabba mai yunwa ta faɗa wa ɗanyen ganyen wake ko sabuwar ciyawa mai raɓa a farkon damina. Furotin ɗin ganyen yana kama iskar ya mai da ita kumfa, ba ta haɗuwa wuri ɗaya balle a yi gyatsarta. A nan tiyo ba ya fitar da komai, mai ake bayarwa ya fasa kumfar, man gyaɗa mililita 250 zuwa 500 ga saniya, 50 zuwa 100 ga tunkiya ko akuya. A tsayar da dabbar ƙafafun gaba a kan tudu. Wajen ɗurawa kada a ɗaga kai sama sosai, kada a kama harshe, a zuba kaɗan-kaɗan ta gefen baki tana haɗiya da kanta. Man da ya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu ya fi kumburin illa. Abin da ke kashewa a kumburi shi ne tumbin ya danne huhu numfashi ya gagara. Huda kwiɓi aikin ƙarshe ne, kuma da ƙarfen da aka yi dominsa, a hannun wanda ya iya.

Mai Kiwon Turke: Ai gyauron dawa ma haka yake kashewa, kumburi ne.

Masanin Tsirrai: A nan kam ban yarda ba, Alhaji. Gawar tana iya kumbura, amma ba kumburin ne ya kashe ta ba, guba ce. Ƙaramar dawa tana ƙera wani sinadari mai suna dhurrin ta adana shi a jakar ruwan ƙwayoyin fatar ganye. Sinadarin da ke fasa shi kuma yana cikin ƙwayoyin tsakiyar ganyen. Muddin ganyen lafiya yake, ba sa haɗuwa. Da haƙori ya murƙushe ganyen sai su gauraya, gubar sayanaid ta fito. Kariya ce shukar ta yi wa kanta daga masu cinta tana ƙarama. Ya fi yawa a sabon toho, a gyauron da ya fito bayan girbi, da dawar da fari ya tsumburar sannan ruwa ya sauka ta farfaɗo. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a sa dabba a kan dawar da ba ta kai santimita 50 zuwa 60 ba. Busarwa sosai tana rage gubar ƙwarai. Gero ba shi da wannan matsala, amma ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci yana da irinta.

Likitan Dabbobi: Malam ya yi daidai, kuma alamun sun bambanta. Sayanaid yana tsayar da aikin maitokondiriya, inda ƙwayar halitta ke amfani da oksijin. Jini yana ɗauke da iskar amma jiki ya kasa karɓa, shi ya sa in an yanka za a ga jinin jawur fiye da kima, dasashi ma ja. Dabba tana haki, tana rawar jiki, ta faɗi, wani lokaci cikin ƙasa da awa ɗaya. Man gyaɗa ba ya komai a nan. Maganinsa allurar sodiyam naitirait da tayosalfet ce ta jijiya, kuma sai an yi sauri. Masu tuƙa sun fi saurin kamuwa, don tumbi ba shi da asid mai ƙarfin da zai lalata sinadarin da ke sakin gubar, halittun tumbin ma suna taya shi.

Sarkin Fawa: Likita, ana maganar zuba takin yuriya a kara a ba shanu. Taki kuma a cikin dabba?

Likitan Dabbobi: Ranka ya daɗe, yana yiwuwa, saboda halittun tumbi suna iya ɗaukar naitirojin ɗin yuriya su gina furotin da shi. Amma awo ne. Kilo 4 na yuriya a narka a ruwa lita 50 zuwa 60, a yayyafa a kan kilo 100 na yankakken kara ko bambaron shinkafa, shimfiɗa bayan shimfiɗa ana tattakewa, a rufe ruf da leda a rami ko a ɗaki na mako uku. Yuriyar takan koma amoniya, ita kuma ta sassauta riƙon da liginin ya yi wa selulos. In an buɗe za a ji wari mai hawa kai, karan ya yi ruwan ƙasa ya yi laushi. A ɗebi na yini a baza ya sha iska kafin a bayar. In ya yi fumfuna, iska ta shiga, a zubar. Haɗarin yana wajen wanda zai barbaɗa yuriya a dusa da ka, ko ya bar ruwanta a inda dabba za ta sha, amoniya ta yi yawa a jini ta kashe cikin ɗan lokaci. Ba a ba maraƙin da tumbinsa bai kama aiki ba.

Ɗalibar SS2: Jaki da doki fa? Su ma kara suke ci amma ban taɓa ganin suna tuƙa ba.

Malamin Bayoloji: Ba sa yi. Cikinsu ɗaki ɗaya ne kamar namu, randar tsiminsu a baya take, wata babbar jaka a farkon babban hanji da shi babban hanjin kansa. Tunda tsimin yana zuwa bayan an wuce wurin asid da ƙaramin hanji, suna samun tsamin nan uku amma furotin ɗin jikin bakteriyar yawanci kashi yake bi. Ki dubi kashin jaki ki dubi na saniya, a na jaki za ki ga zaren ciyawa ƙuru-ƙuru. Ki dubi baki kuma, jaki yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, saniya da tunkiya da akuya na ƙasa kaɗai gare su guda 8, sama dasashi ne mai tauri. Raƙumi yana tuƙa amma ɗakunan cikinsa uku ne, kada ki sa shi a layin masu huɗu in an tambaya.